Ranar da Goggo ta hau jirgin ruwa

Asabar, ƙarfe 11 na dare.

Baƙina sun kwanta, ni kuwa barci ya ƙi zuwa. Ƙafafuna sai zugi suke yi, amma raina fes yake.

Yau kwanan Goggo da Yaya uku a Istanbul. Jiya da shekaranjiya a cikin mota muka ƙarar da su, daga wannan masallaci zuwa wancan gidan tarihi, saboda Yaya ya zo da jerin wurare a wayarsa, yana so a gama su kaf. Rabin yinin kuma a cunkoso ya tafi. Abin ya tsaya mini a rai. Garin da ruwa ya ratsa ta tsakiyarsa, a ce baƙo ya zo ya koma bai hau ruwan ba? Fadoji da manyan gidajen nan duk ruwa suke fuskanta, wanda ke kan titi ƙeyarsu kawai yake gani. Da safe na ce wa Yaya don Allah ya bar mini yau.

Da ƙafa muka fara, ta kan gadar Galata. Masu kamun kifi sun yi layi a jikin ƙarfen gadar, kowa da sandarsa da bokitinsa. Goggo ta tsaya kusa da wani dattijo daidai lokacin da ya jawo zare, sai ga ƙananan kifaye huɗu a jere, kowanne a ƙugiyarsa, suna walƙiya kamar azurfa. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, amma ya karkato mata bokitin ta leƙa, ta yi masa barka da hannu. Yaya ya fara duba agogo, na yi kamar ban gani ba.

A tashar jiragen ruwa ta Eminonu ta ja ta tsaya. Ta haura shekara 60 ba ta taɓa shiga ko kwalekwale ba. Tsakanin jirgi da dandamali akwai ɗan fili, ruwa na ɓulɓulowa a ciki, kore mai duhu. Ta ce, “Ɗan nan, ruwa fa ba abin wasa ba ne.” Na ce, “Goggo, ki riƙe hannuna, kada ki kalli ƙasa.” Ta yi addu’a a hankali, ta taka. Riƙon da ta yi mini har yanzu da shatinsa a wuyan hannuna.

Muka hau bene na sama. Iskar kan ruwa daban take da ta cikin gari, ko ana rana sai ta ratsa mutum, don haka na lulluɓa mata rigar sanyina. Fararen tsuntsayen teku suka biyo mu, suna shawagi dab da kawunanmu ba tare da kaɗa fiffike ba. A hagu fadar Dolmabahce ta miƙe a bakin ruwa, wadda aka kammala a 1856. Gaba kaɗan sai masallacin Ortakoy, ƙarami, tamkar a kan ruwan aka ɗora shi, ga gadar farko da ta haɗa gaɓoɓin biyu, ta 1973, a samansa. Da muka shiga ƙarƙashinta sai inuwa ta rufe mu, muna jin rugugin motoci can sama. Na ce mata nan Turai ce, can tsallake Asiya. Ta dubi nan, ta dubi can, ta ce, “Ikon Allah! Ashe ɗan wannan ne tsakaninsu.”

Yaya ne ya lura ruwan gudu yake yi kamar kogi. Haka ne kuwa. Wannan mashigi da muke kai, Bosforus, mai tsawon kusan kilomita 30, ruwa biyu ne a cikinsa: na sama yana gangarowa daga Bahar Aswad zuwa tekun Marmara, na ƙasa, wanda ya fi gishiri da nauyi, yana komawa arewa. Ina cikin bayani wani ƙaton jirgin dakon mai ya gifta, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Goggo ta damƙi kujera tana salati, sai kuma ta fashe da dariya. Daga nan ta saki jiki, har ta tashi ta dafa ƙarfen gefe.

Inda na fi so su gani shi ne ganuwar Rumeli Hisari, wurin da mashigin ya fi tsukewa, kusan mita 700. Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ne ya gina ta a 1452 cikin ’yan watanni, domin ya tsare hanyar jirage kafin ya ci birnin a 1453. A littafi na fara sanin wannan, amma sai a kan ruwa mutum ke gane dabarar: ga wata tsohuwar ganuwa a tsallake tana fuskantarta, duk jirgin da zai wuce dole ya bi ta tsakaninsu. Yaya ya mayar da wayar aljihu, ya yi shiru yana kallo. Kusa da gada ta biyu jirgin ya juyo.

A Uskudar, ɓangaren Asiya, muka sauka bayan la’asar, muka bi gaɓa a hankali har daidai wata hasumiya da ke tsaye ita kaɗai a cikin ruwa. Nan muka zauna. Rana ta faɗa bayan tsohon gari, ƙubbobi da hasumiyoyin masallatai suka koma baƙi a jikin jan sama. Kiran magariba ya tashi a bayanmu, wani ya amsa daga tsallake, ruwa ya kawo mana shi a sanyaye. Goggo ba ta ce uffan ba, sai share ido da gefen mayafi.

Da za mu koma, Yaya ya ce mu bi jirgin ƙasa na Marmaray, wanda tun 2013 yake ratsawa ta ƙarƙashin ruwa cikin ’yan mintuna. Goggo ta girgiza kai. “A’a. Gara wanda zan ga ruwan da idona.” Muka koma tasha, wannan karon ita ta riga ni takawa.

Gobe tsibirin Buyukada za mu, tafiyar fiye da awa ɗaya a kan ruwa. Ta ce in tashe ta da wuri, kuma in nemo mata rigar sanyi tata ta kanta.