Babbar Mota a Hanyar Amalfi

Tun a filin jirgin saman Napoli na tafka kuskuren. Ƙaramar Fiat Panda na biya wa kuɗi ta intanet, amma ma'aikacin kamfanin haya ya ce sun ƙare, za su ba ni babbar jif ba ƙarin ko sisi. Na karɓi makulli ina murmushi, ina ganin garaɓasa ta faɗo. Mutumin da ya saba hanyar Kano zuwa Abuja, ya hau Hawan Kibo da daddare ba sau ɗaya ba, wace hanya ce za ta ba shi tsoro? Ga shi Italiya ma hannun dama suke bi kamar mu. Lasisin ƙasa da ƙasa kawai ya nema tare da na gida, muka kama hanya.

Hanyar SS163 ke nan, wadda ta bi gaɓar tekun Amalfi, kusan kilomita 50 daga wajen Sorrento har Vietri sul Mare kusa da Salerno. A ƙarni na 19 aka sassaƙa ta a jikin dutse, lokacin keken doki, kuma faɗinta bai ƙaru da wani abin kirki ba. Mu daga Sorrento muka taso, wato teku na hannun damanmu, gefen da uwargida take zaune. Tsakaninta da ramin sai ɗan gajeren gini da bai wuce ƙugu ba. Kafin mu kai Positano ta ajiye wayar da take ɗaukar hoto, ta riƙe ƙofa da hannu biyu.

"Malam, don Allah matsa can."

In matsa ina? Can ɗin babura ne ke fitowa daga kwana kamar an harbo su.

Bayan Praiano abin ya faru. Na ji hon mai amo biyu daga bayan dutse, ban san me yake nufi ba. Ashe haka direbobin manyan bas suke sanar da zuwansu kafin kwana, mai ƙaramar mota ya tsaya nesa ya bar musu fili. Ni kuwa na kutsa. Muka yi kiciɓis, hancin bas a gabana, motoci wajen shida a bayana. Direban bai yi faɗa ba, ya dai ɗaga hannu yana yi mini nuni da baya-baya, kamar mai koya wa yaro. Kowa ya ja da baya, ni ma na sa ribas ina haɗa gumi, ƙafata na rawa a kan kuloci. Sai na ji ƙarr! Madubin dama ya gogi wani gini da ya turo kan titi. Bas ta wuce, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tafin hannu ba, wata tsohuwa a taga tana kallona da tausayi. Da Panda ce, da ko ribas ɗin ba sai na yi ba.

Daga nan na fara lura da madubai masu tudu da aka kafa a kusan kowace kwana. Na sauke gilashi don in riƙa jin hon, na zauna a giya ta biyu, na bar masu gaggawa su wuce duk inda na sami ɗan lungu. Tafiyar da taswira ta ce awa ɗaya da rabi ta ci mana fiye da uku.

Wurin ajiye mota wata masifar ce. A garin Amalfi sai da muka shiga garejin da aka haƙa a cikin dutse, kuɗin awa kaɗan ya kai na abincin rana. Ga allunan ZTL, unguwannin da baƙo ba ya shiga da mota, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tara ta bi ka har gida ta hannun kamfanin haya. Mun tsira daga wata doka kuma saboda ba ta aiki a ranar da muka je: tun 2022, a ranakun cunkoso na lokacin zafi, lambar ƙarshe ta motarka ce ke nuna ranar da za ka hau hanyar, mara ko cika.

Washegari muka bar jif a masauki, muka hau jirgin ruwa daga Amalfi zuwa Positano. Sai a ranar na ga gidajen nan masu launi da suka hau kan juna, da gonakin lemon tsami hawa-hawa a jikin dutse, waɗanda jiya na wuce ta gindinsu idona na kan farin layi. Uwargida ta ciro wayarta.

Madubin kuwa, da na mayar da mota ma'aikacin ya zagaya da takardarsa, ya tsaya a kansa, ya tambaye ni ko na sayi cikakkiyar inshora. Ita ce na ƙi saya ranar farko, don in rage kuɗi.