Kashin tsuntsu a ƙarƙashin madubi

Asabar, Jidda.

Yau babu aiki, na yi niyyar rama barci, amma ko shayi ban gama sha ba Baba mai gidan da muke haya ya aiko jikansa, wai in hau sama in same shi. Baba haifaffen Makka ne. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya haye teku ta Sawakin. Hausarsa tana nan daram, sai dai yakan yayyafa mata Larabci. A saman bene yake ajiye kejin tsuntsayensa, kanari biyu da wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu jan baki da masu sayarwa ke kira zebra, waɗanda asalinsu daga Ostareliya ne.

Na same shi tsugunne da ƙwai huɗu a tafin hannu, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba.

"Ya waladi, duba min. Karo na uku ke nan tana kwanci, duk baragurbi. Macen nan juya ce, gobe zan mayar da ita kasuwa."

Na haska ƙwan da fitilar waya. Ƙwan zebra kwana 14 ko ƙasa da haka yake yi ya ƙyanƙyashe, kuma tun a kwanakin farko ake ganin jajayen jijiyoyi idan akwai ɗa. Waɗannan fayau suke, babu komai. Amma maganar "macen juya ce" ta tsaya min a wuya. Shekara shida ina aikin gwajin maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje, na ga mata da yawa da suka sha magani har suka gaji kafin mijin ya yarda a duba shi. Na ce, "Baba, a yi haƙuri da ita, bari mu fara duba namijin." Ya dube ni da mamaki, ya ce tsuntsun da bai kai cikin cokali ba, ta ina za a duba shi?

Akwai dabara, na karanta ta tun muna makaranta amma ban taɓa gwadawa ba. Namijin irin waɗannan tsuntsaye masu waƙa, a lokacin barbara, yana tara maniyyi a wasu murɗaɗɗun jijiyoyi kusa da mafitarsa, har wurin ya kumbura. Zafin jikin tsuntsu yakan kai digiri 41, wurin ajiyar kuwa ya ɗan fi sanyi. Saboda kusancin nan, kaɗan daga cikin ƙwayoyin sukan biyo kashi su fito. Muka ware namijin a ƙaramin keji, na shimfiɗa leda mai tsabta a ƙasa, muka zauna jira. Baba yana jan carbi, ni ina kallon gindin tsuntsu. Bayan kamar minti goma ya yi. Na zuƙe ruwa-ruwan gefen kashin, na gauraya da ɗigon ruwan gishiri, na sauko da gudu na ɗauko ƙaramin madubin likitan da na saya wa yara.

Na daɗe ina lalube cikin tarkace, ɓurɓushin gero da fararen ƙwayoyin fitsari, har idona ya fara ruwa. Sai ga ta.

Subhanallah. Ni da nake ganin ƙwayar maniyyin ɗan Adam kullum, mai ɗan kai mulmulalle da wutsiya kamar talibambam, na ɗauka babu abin da zai ba ni mamaki. Wannan daban take. Kanta siriri ne, a murɗe kamar igiyar da aka tuƙa, da tsini a gaba. Bayan kan kuma akwai wani zare da ya nannaɗe wutsiyar, kamar yadda wake ke nannaɗe karan dawa. Wannan zaren shi ne ma'ajiyar ƙarfinta. A tamu ɗan guntu ne a wuya, a tasu kuwa yakan bi wutsiyar ya yi nisa. Waɗanda na gani duk matattu ne, domin kashi ba ya barin su da rai, amma da ransu ba sa iyo irin na tamu. Juyawa suke yi kamar mazari, suna huda ruwan suna gaba.

Na kira Baba ya sa ido. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Tabarakallah. Duk tsuntsu haka nasa yake?"

Nan fa bakina ya buɗe, duk da ina jin nauyin yin irin wannan magana da dattijo. Na ce masa a'a, kuma wannan ne abin da ya fi ɗaure min kai a karatun. Ana auna su da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ta mutum ba ta wuce 60. A cikin tsuntsaye masu waƙa akwai wani mai jan baya da ke tsire fara a jikin ƙaya, tasa kamar 43 ce kawai. Wani ɗan tsuntsun fadama na Turai, da bai kai shi girman jiki ba, tasa ta kusa 290. Girman tsuntsu bai faɗa maka komai a kan tsawon ƙwayarsa. Mai jan bayan nan ma baƙonmu ne, domin idan zai koma Turai daga kudancin Afirka a watannin Afrilu da Mayu, ta saman ƙasar Larabawa yake bi.

Me ya kawo bambancin? A 1970 wani masani ɗan Ingila, Geoff Parker, ya bayyana cewa idan mace ta sadu da namiji fiye da ɗaya, gasar ba ta ƙarewa a waje, tana ci gaba a cikin jikinta tsakanin ƙwayoyin. Shi a kan ƙwari ya yi aikinsa, amma da aka fara gwajin jini don gano uban 'ya'yan tsuntsaye sai aka tarar abin ya yi yawa a cikinsu. Akwai wani shuɗin tsuntsu a Ostareliya da fiye da rabin 'ya'yan da ke sheƙa ba na namijin da ke ciyar da su ba ne. Masana a gidan adana halittu na Oslo, da suka tara samfurin ɗaruruwan jinsuna, sun ga cewa inda gasar ta yi tsanani ƙwayoyin sukan fi tsawo, kuma na kowane namiji sukan yi kama da na ɗan'uwansa kamar an zuba su a ma'auni ɗaya. Inda babu gasa sosai sai ka ga sakaci a ƙirar. Misalin da ya fi burge ni shi ne wani mai jan ƙirji na Turai da Tim Birkhead na jami'ar Sheffield ya bincika. Maraina ƙanana, ƙwayar kuma ta bar murɗin nan na danginta gaba ɗaya, kanta ya koma mulmulalle.

Baba ya ce, "To ita macen fa, zaune kawai take?"

Ko kusa. Barbarar tsuntsu ba ta wuce ƙiftawar ido, mafita ta taɓa mafita shi ke nan. Amma a cikin mace akwai wasu 'yan ƙananan aljihuna da ke adana maniyyi, kuma kaɗan ƙwarai ne daga cikin miliyoyin ke samun shiga. Macen zebra takan riƙe shi kwana goma ko fiye tana sa wa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, talo-talo kuwa makonni. An lura tsawon ƙwayar namiji yana tafiya da tsawon aljihun macen jinsinsa, kamar takobi da kubensa. Ko a cikin zebra kaɗai, wani namijin tasa ba ta kai 60 ba, wani ta haura 70, kuma da aka haɗa su gasa dogayen ne suka fi samar da 'ya'ya. Ni a ganina wannan sauyin da ke faruwa sannu a hankali, zuriya bayan zuriya, yana cikin ayoyin da aka ce mu duba. Abin da ido ba ya gani ma an yi masa ƙira dabam-dabam har haka.

Muka koma kan matsalarmu. Na ƙirga abin da na iya samu, ashirin da 'yan kai. Da yawa ƙirarsu lafiya lau take, amma na ga wasu da kai a tanƙware, biyu kuma babu wutsiya. Na gaya wa Baba gaskiya, ɗigo ɗaya na kashi ba ya yanke hukunci. Sai dai na yi masa tambaya biyu. Daga ina ya samo su? Ya ce sheƙa ɗaya suka fito, wa da ƙanwa ne. Kejin kuma tun yaushe yake saman bene? Ya ce tun bara. Na taɓa kwanon da ya rufa musu, ƙarfe goma na safe amma har ya fara ƙona hannu. Duka biyun an gwada su a kan zebra: auren dangi na kusa yana ƙara yawan ƙwayoyi masu nakasa a 'ya'ya mazan da aka haifa ta hanyarsa, haka ma zafin da ya kai digiri 40 idan ya yi kwanaki.

Baba ya yi shiru yana shafa gemu. Can ya ce, "Ashe na kusa zaluntar baiwar Allah."

Da la'asar muka sauko da kejin zuwa ƙarƙashin matakala, inda iska ke ratsawa. Ya ce ranar Juma'a zai nemo wani namijin daga wurin abokinsa a Makka, wannan kuma a sama masa wata macen. Maman yara ta hana ni shiga da madubin ɗaki sai da na wanke shi da sabulu sau biyu. Gilashin da na ɗiga samfurin a kai na bar shi ya bushe, na rubuta kwanan wata a gefe. Idan sabon namijin ya iso zan ɗauki nasa in jera su, kuma na roƙi Baba ya bar ni in gwada kanarin ma, ya ce sai ya gama sauya gashi.