Inda na kai da koyon injin yankan itace a hannun Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Tun ƙarshen damina ban faɗa muku inda aka kwana ba. Wasa sarƙa ya zauna mini a hannu yanzu, gungumen da ke kwance ina gunduwa shi ni kaɗai, kuma a hunturun nan Baba ya fara barina in kayar da ƙananan darbejiya, shi yana tsaye a inda zan gan shi. Babbar bishiya da wadda ta karkata har yanzu ba a ba ni ba. Kafireta ma ba na taɓa ta.

Wasunku sun ɗauka Baba mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina firamare, Allah ya jiƙansa. Baba maƙwabcinmu ne, ba mu haɗa jini ba ta uwa ko ta uba. Ƙuruciyarsa a dazukan kudu ya yi ta, wajen Ondo da Edo, yana tsaga katako da Stihl 070, shirgegen injin nan na Jamus da girman injinsa ya haura cc 100, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. Ya dawo gida da injin, da tabo a ƙwaurinsa na hagu, da kunne ɗaya da ba ya ji. 'Ya'yansa maza kasuwa suka kama, ya kuma sa musu albarka. Ni da dakon kaya na fara bin sa: galan ɗin fetur, gatari, weji (abin da ake cusawa a tsagar itace don kada ta rufe), gorar ruwa. Bai taɓa cewa in zo ya koya mini ba. Wata rana dai muna hutawa a inuwa ya miƙo mini magagari ya nuna mini haƙorin da zan fara da shi.

A kan magagarin nan zan daɗe, don a nan nake ganin yawancinmu muke gaggawa. Kowa so yake ya ja igiya ya ji ƙara. Amma inji komai ƙarfinsa, haƙoran sarƙa ne ke yankan, kuma su ne abin da ya fi saurin lalacewa a ƙasarmu, inda ɓawon kowace bishiya cike yake da yashi. Ga yadda Baba ya zaunar da ni. Ana kafe dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa a jikin kututture don kada ya yi rawa. A shafa wa haƙori ɗaya gawayi, don ka san inda ka faro. Magagarin zagayayye ne, kuma kowace sarƙa da nata: mai tazarar inci 3/8 da ke kan injin Stihl MS 381 ɗin da nake koyo da shi milimita 5.2 take so, ta 070 kuwa 5.5. Ka kwantar da shi daidai, kada hannu ya yi sama ko ƙasa, ka karkatar da shi digiri 30, kusan kashi 1 cikin 5 na kaurinsa ya leƙo saman haƙorin. Turawa kawai ake yi, daga ciki zuwa waje. In za ka dawo ka ɗaga shi. Kowane haƙori turi iri ɗaya, in uku uku, in biyu biyu. Ka gama ɓangare guda, ka juya injin ka kama ɗayan.

Hannun dama ya fi ƙarfi ga yawancinmu, shi ya sa haƙoran ɓangare ɗaya kan fi cinyewa, kuma da zarar sun bambanta tsawo yanka zai riƙa lanƙwasa a cikin gungume. Baba ba ya duba sarƙar ma. Fuskar gungumen da na yanka yake shafawa da tafin hannu, daga nan ya san ɓangaren da na fi danna wa. Sai kuma ɗan ƙahon da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. A sarƙa irin tawa, yana bukatar ya zauna ƙasa da haƙorin da milimita 0.65. In ya yi tsawo sarƙa ta riƙa gogar itace ba ta ci. In an rage shi fiye da kima, injin ya riƙa fizga yana tsalle a hannunka, wannan kuwa haɗari ne tsagwaronsa. Akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake ɗorawa a kai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ku neme shi. Baba da ido yake yi, amma ni ya hana ni.

Alamar da ba ta ƙarya tana ƙasa, a gindin ƙafarka. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa, kuma ita ke jan kanta cikin itace ba sai ka danna ba. In ka ga abin da ke zuba ya koma kamar garin tuwo, kashe inji ka zauna. Mu duk lokacin da za a ƙara fetur sai an bi haƙora da magagari, ko da turi bibbiyu ne.

Zancen mai ba shi da tsawo. Kashi 50 na fetur, kashi 1 na man haɗi mai kyau, wato mililita 20 a lita 1, ko 100 a lita 5, sai dai in littafin injinka ya faɗi wani abu daban. Da sirinji nake aunawa. Kada haɗin ya kwana sama da wata guda a galan. Man sarƙa kuma tankinsa daban, kuma don Allah ku daina zuba masa baƙin man da aka juye daga mota: akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa, yana cin famfon mai da ƙarfen sarƙa, yana kuma feshi a jikinka da gonar mutane. A hunturu matatar iska kullum ake kakkaɓe ta. Sarƙa tun ba ta ɗauki zafi ba ake ɗaure ta, in an tashi aiki a sassauta, don tana tsukewa in ta huce. In an zuba mai a matsa aƙalla mita 3 kafin a tayar, kuma a ƙasa ake tayarwa, ƙafar dama a cikin mariƙin baya.

Tabon ƙwaurin Baba shi ne darasina na farko a kan harbin inji. Ya naɗe wando ya nuna mini, ya ce, "Duba da kyau, ɗana. Wannan ƙiftawar ido ce." Rubu'in sama na hancin ƙarfen shi ne wurin da ba a bari ya taɓa komai sarƙa na gudu. In ya ci karo da reshe ko gungumen da ke bayan wanda kake yanka, injin gaba ɗaya yakan taso sama ya yo kanka, da saurin da hannu ba zai tare ba. Shi ya sa babban yatsan hagu yake zagaye mariƙin gaba, ba a ɗora shi a sama. Shi ya sa ba ka tsaya saitin sarƙa, kuma ba ka yanka abin da ya wuce kafaɗarka. Tsohon injin Baba ba shi da birkin sarƙa, nawa yana da shi, kuma dalilin da ya sa ya ƙi ba ni nasa ke nan duk da na sha roƙo.

Abin da ya fi ba ni wahala a watannin nan shi ne karanta gungume kafin a sa masa inji. Itacen da ke kwance ba a sake yake ba. In ya dogara a kan bakinsa biyu, tsakiyarsa na lilo, samansa a matse yake, ƙasansa a miƙe. Ka yanko daga sama kai tsaye, sai ya rufe ya cije maka ƙarfe. Don haka sai ka ɗan shiga ta sama, kusan kashi 1 cikin 3, ka ƙarasa ta ƙasa. In kuwa baki ɗaya ne ke rataye a iska, abin ya juya: ƙasa ce a matse, ita za ka fara buɗewa. Dokar guda ce, ɓangaren da ke matse shi ake fara taɓawa. Faɗarta da sauƙi. Amma in bishiya ta faɗi da rassanta, wasu sun soki ƙasa, wasu sun tanƙware suna jiran a sake su, sai ka zagaya ta ka ga wane reshe ne ke ɗauke da nauyi. Baba kan sa ni in nuna masa da sanda inda zan yanka da inda nake zaton zai motsa, kafin a tayar da inji. In na dace ya yi shiru. In ban dace ba ya ce, "Sake zagayawa."

Da yake ƙarar inji ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, ga shi kuma ba ya ji sosai, ba ma magana in ana aiki. Yana tsayawa gabana ta gefe, nesa da inda itace zai iya zuwa. In ya cire hularsa, na saki totur na buga birki, ko da ina tsakiyar yanka. Ku ma ku shirya irin wannan alama da abokin aikinku, kuma kada kowa ya zo wa mai riƙe da inji ta baya. Abin toshe kunnen da nake sawa Baba ne ya sayo mini da kuɗinsa, ya haɗa da tabarau. Na ce masa shi fa? Ya ce nasa kunnen ya riga ya tafi, nawa yake so ya tsira. Na sayo masa nasa daga baya, kuma yana sawa. Hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki na samu. Wandon kariya nake tara wa kuɗi.

Kayarwa kuwa, ƙanana nake yi, masu tsayuwa sak. A fara duba sama: inda rassa suka fi nauyi, busasshen reshen da zai iya faɗowa, wayar lantarki, iska. A share hanyar gudu ta baya, a karkace digiri 45 daga layin faɗuwa. Mutane da dabbobi su yi nesa da tsawon bishiyar sau biyu ko fiye, kuma a ƙauye wannan shi ne babban aiki, don yara ƙarar inji ke kiran su. A yanke baki ta inda ake so ta faɗi, zurfinsa kashi 1 cikin 5 zuwa 1 cikin 4 na kaurinta. A koma baya a shiga ɗan sama da gindin bakin, a bar tsakani ba a yanke ba, kusan kashi 1 cikin 10. Bishiya mai kaurin santimita 40, santimita 4 ke nan. Wannan ragowar ita ke riƙe da bishiya tana bi da ita har ƙasa, wanda ya cinye ta ya sakar wa bishiya ragama. Da ta fara tafiya, ka zare inji ka bi hanyarka, kallo daga nesa ake yi.

Ba kowane aiki Baba yake karɓa ba, kuma wannan ma yana cikin koyon. Sai da yardar mai gona da takardar malaman daji. Gawo ba ya taɓa shi, don shi ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da kuka, in dai suna raye, ko nawa za a biya ba ya sa musu inji. Ya ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba saboda masu fitar da ita waje, har aka sa ta cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya da ke taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma ba ya son a tayar masa da zancen. Aikinmu darbejiya ne da bishiyar turare, sai abin da iska ta kayar ko ya bushe a tsaye. Waɗannan biyun suna tohowa daga kututture, don haka yanka mai tsafta muke yi, a ɗan karkace don ruwa ya zame, mu kuma gaya wa mai gona ya bar toho biyu ko uku masu ƙarfi ya rage sauran. Manoman Maraɗi sun yi nisa da renon toho tun shekarun 1980, har ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai damshin ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 yake ci da kyau. Turare tun yana ɗanye muke faskara shi, in ya bushe yana gardama da gatari. Muna jerawa a kan duwatsu saboda gara, a bar iska tana ratsawa. Masu gidan burodi da masu tsire su ne manyan masu sayenmu, amma Baba ba ya sayar wa kowa ɗanye, musamman matan gida, don ya ce hayaƙin a idonsu da ƙirjinsu yake ƙarewa. Duk jerin da ya bushe, damin farko gidanmu ake kai shi, wurin mahaifiyata, ba a kuma lissafa shi a cikin rabona. Haka yake yi tun kafin in iya riƙe gatari.

Da maganar aurena ta taso bayan girbi, baffana ne ya jagoranci zuwa neman aure, haƙƙinsa ne. Amma da kansa ya taka har ƙofar gidan Baba ya ce ba za a tafi ba shi ba. A can da aka tambayi sana'ar yaro, Baba ne ya amsa. Ya ce, "A hannuna yake. Abin da zan ci shi zai ci." Inna, matarsa, ita ta fara tara mini kayan lefe ban sani ba. Duk da haka bai taɓa yarda a kira ni da sunansa ba. Yakan ce ina da uba, kuma duk Juma'a sai ya tambaye ni ko na yi wa mahaifina addu'a. Ina faɗa muku wannan ne don ku nemi wanda za ku zauna a gabansa. Bidiyo zai nuna muku digiri 30, amma wanda zai cire hula saboda ku dole ya kasance yana wurin, kuma ya damu da ku koma gida da ƙafafunku biyu.

Abin da ke gabana kafin ruwa ya sauka: amfani da weji a yankan baya, da sauraron inji don gane in mai ya yi masa yawa ko kaɗan. Akwai wata darbejiya a bayan makarantar allo da ta kwanta wajen katanga, an yi mana maganarta. Baba ya ce shi zai kayar, ni in riƙe igiya tare da mutanen unguwa, in kuma lura da yadda zai bar tsakanin ya fi kauri ta ɓangare ɗaya. Wanda a cikinku ya san inda ake samun wandon kariya na gaske a Kano, ba na jabu ba, ya taimaka ya sanar da ni.