Godiyar Iyalan Marigayi Baba Saje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kakarmu da iyayenmu da dukkan jikoki, ina miƙa godiya ga jama'ar da suka tsaya mana tun daga jinyar kakanmu, wanda unguwa ta sani da Baba Saje, har zuwa kai shi makwancinsa da kwanakin zaman makoki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba mu shi, kuma ya karɓi abinsa.

Samarin da suka fita tun da asuba suka haƙa kabari, dattawan da suka yi masa wanka da sutura, liman da ya sallace shi, da duk wanda ya sa kafaɗarsa a makara, Allah ya saka muku da Aljanna. Iyayenmu mata na maƙwabta, ku kuka ɗora tukwane a gidajenku kuna aiko da kwanuka, ba mu hura wuta ba har aka yi addu'ar uku. Ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da tsoho mai ƙin allura, suna lallashinsa suna ce masa Baba, ba mu manta da ku ba.

Yara da yawa sun taso sun gan shi tsoho ne mai zama a benci da rediyo a kunne, shi ya sa nake so in faɗi ko wane ne aka rasa. Yana saurayi ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Daga barikin horar da kurata na Zariya aka tura shi runduna ta ɗaya, ƙarƙashin Mohammed Shuwa, wadda ta bi ta Nsukka ta shiga Enugu a watan Oktoba na shekarar. Yana bakin daga har aka ajiye makamai a Janairun 1970. Amma ba ya son a ja shi da wannan hira. In mun matsa, sai ya ambaci yaran da ya gani yunwa ta kumbura musu ciki, ya ce mu roƙi Allah kada ya nuna mana. Ranar 15 ga Janairu kaɗai, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yake ciro hularsa ta soja daga akwati, ya goge takalmi, ya tafi wurin 'yan'uwansa.

Abin da yake alfahari da shi a fili shi ne aikin masaƙa. Da ya tuɓe kaki sai ya kama aiki a Kakuri da ke Kaduna, lokacin da jiniya ke busawa ka ga dubban ma'aikata a kan kekuna sun cika titi. Ƙarar injin ta ci masa kunne ɗaya, ƙurar auduga ta bar masa tarin da ya bi shi har tsufa. Da wannan albashi ya sa 'ya'yansa makaranta, maza da mata, ya kuma riƙe marayun ƙaninsa. Da masaƙun suka fara rufewa a farkon shekarun 2000, bai zauna ba. Ya yi gadi, ya yi noma a bayan gari, yana cewa hannun da ya saba aiki ba ya iya roƙo.

Mu jikoki kuratansa ne. Kafin mu tafi makaranta sai mun jeru ya duba farce da wuyan riga, wanda ya ci jarrabawar ya samu alawa daga aljihunsa, wanda ya faɗi ma yakan samu a ɓoye. Jikoki mata kuwa duk amarensa ne, kullum ana rigimar kuɗin cefane.

Godiya ta musamman ga tsofaffin sojoji da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka zo. Akwai wani dattijo Kirista, abokinsa tun bariki, da aka riƙo shi da sanda. Da aka fito da makara sai ya miƙa wa jikansa sandar, ya ƙame, ya sara masa, hannunsa na rawa. Wurin nan har manyan maza sai da suka share hawaye. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, gidan nan gidanka ne.

Ga waɗanda suka taso daga nesa, da waɗanda suka bugo waya ko suka aiko saƙo ba mu samu amsawa ba, a yi mana afuwa, duk sun iso. Wanda yake bin marigayi bashi ko yake da ajiya a wurinsa, don Allah ya zo ya ga babban ɗansa a gida, kada kunya ta hana shi. Wanda ya taɓa ɓata wa rai kuma, muna roƙo ya yafe masa.

Allah ya jiƙan Baba Saje, ya haskaka kabarinsa, ya ba kakarmu haƙurin rashin abokin zama. Ku kuma Allah ya bar zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.