Wata takwas da zuwana Ingila, sai ga ciwon hanta

Ko hanyoyin unguwarmu ban gama riƙewa ba lokacin da aka kira ni daga asibiti. Yankewa na yi a hannu a wurin aiki, aka ɗebi jinina, ashe a wasu asibitocin Ingila ana haɗawa da gwajin ciwon hanta, sai dai in mutum ya ce ba ya so. Likita ta ce an ga alamar nau'in C a jinina.

Na ce mata ai ni lafiyata ƙalau, ko ciwon shawara ban taɓa yi ba. Ta ce haka halin cutar yake. Ƙwayar tana shiga ta jini, kuma cikin mutum 10 da suka kamu, kusan 3 jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida. Sauran kuwa sai ta zauna musu a hanta, tana kumbura ta a hankali. Duk inda hantar ta ji rauni sai ta warke da tabo, tabo kan tabo, a wasu har ta taurare ta kasa tace jini. Abin kan ɗauki shekara 20 ko fiye, wasu ma ya kai su ga kansar hanta, alhali gajiya kawai suke ji. Da ta tambaye ni ko an taɓa yi mini ƙarin jini, sai na tuna haɗarin da na yi ina yaro.

Gwaji na biyu ya tabbatar ƙwayar tana nan da ranta. Makonnin nan su ne mafi nauyi tun zuwana. Mu huɗu ne a gidan haya, babu wanda na saba da shi har in buɗe masa cikina. Na ware kofina da cokalina, na daina zama cin abinci da su. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura, ta zaunar da ni ta ce ba a ɗauka ta kwano ko musabaha ko tari. Reza, burushin haƙori da abin yanke farce kaɗai zan killace. Daren nan na yi barci.

Na'urar FibroScan, mai auna taurin hanta, ta nuna tabon bai yi nisa ba, alhamdulillahi. Aka ɗora ni kan ƙwayar magani kullum tsawon mako 12, irin wanda ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Mako 12 bayan na gama aka sake gwaji, babu ƙwayar cutar. An dai gargaɗe ni cewa nau'in C ba shi da allurar rigakafi, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne yayana, wanda muka yi shekaru muna aske da reza ɗaya. Sau uku ina kiransa, yana cewa shi ba ya jin komai. Jiya na ce masa, “Yaya, ni ma haka na ce wa likita.” Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni sunan gwajin.