Goggo da harafin efsilon

Talata. Zafi tun da hantsi, ko fankar ɗakin karatu iska mai ɗumi take hurawa.

Da murna na tashi yau, domin daren jiya lissafina na hasashen abin hawan da mutane ke zaɓa ya tashi a manhajar kwamfuta ta R bayan kwana uku ina fama da shi. Bayanan mutum 40 ɗin nan da na tambaya a Dandima, cikin Sakkwato, ne: bas suke hawa, keke Napep ko kabu-kabu. Lambar kuɗin mota ta fito ƙasa da sifili, ta ɓata lokaci ma haka, wato kuɗi ko jira na ƙaruwa, sha'awar hawa na raguwa. Har hoton allon na tura wa Yaya.

A aji Malam ya ba mu labarin masanin tattalin arziki Daniel McFadden da jirgin ƙasa na BART na yankin San Faransisko a Amurka. Kafin a buɗe layin, hukuma ta yi hasashen kashi 15 cikin 100 na masu zuwa aiki za su hau. Shi da lissafinsa na lojit, mai hasashen zaɓin mutane, ya ce kashi 6.3, da aka zo aka ƙirga sai ga 6.2. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Nobel. Tsigar jikina sai da ta tashi. Na dawo gida ina jin kamar duk zirga-zirgar Sakkwato na cikin kwamfutata.

Bayan magariba na tarar da Goggo a tsakar gida tana gyaran zogale, na ce bari in gwada sabbin katunan tambayata a kanta.

"Goggo, a ce za ki Mabera. Ga kabu-kabu a rabin kuɗi, minti goma kin isa. Ga keke kuma, sai kin jira. Wanne za ki hau?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mi kike hwaɗi, ɗiyata? Ni da shekaruna in ɗare bayan ƙaton da ban sani ba? Ko kyauta ce ban hawa."

Na ce to keke ke nan, na sa alama. Sai ta tambaye ni keken wa. In na yaron gidan liman ne, shi take jira ko da zai kai awa guda, kuma ba ta taɓa yin ciniki da shi ba. "Ubanai shi yay yi ma marigayi wanka," ta ce, ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Tun lokacin maganar ta tsaya mini a rai.

A takarda muna raba gamsuwar mutum gida biyu. Akwai abin da muke iya aunawa: kuɗi, mintoci, shekaru, abin da yake samu a wata. Sauran duka mu tattara mu zuba a harafi guda, efsilon, mu ce wani tsarin warwatsuwa da ake kira rabuwar Gumbel yake bi, na wannan zaɓi bai san na wancan ba. Da haka lissafin yake fita sumul. Ashe wankan gawar mijin Goggo, da hallaccin da take riƙe da shi shekara da shekaru, a cikin wannan ɗan harafin zan ajiye su. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai.

Akwai kuma kuskuren da nawa ne. A lissafina zaɓi uku na ba ta, bas, keke da kabu-kabu, alhali biyu gare ta. Da na bar shi haka, lissafin zai ce idan kabu-kabu ya yi arha wani kaso na mata irinta za su koma kansa, kuma ba za su koma ba. Wannan gyaransa da sauƙi, layi guda ne da zai nuna wane zaɓi ne a buɗe ga wa. Ɗayan, wato hallaccin nan, shi ne ban san inda zan sa shi ba.

Na kira Yaya. Ya ce in kwantar da hankalina, ai ba Goggo ake son a hasaso ba, kasuwa ake so. Ka tara yiwuwar kowa da kowa, dalilan ɓoye su cinye juna, jimilla ta fito daidai. Na yarda, amma fa sai in dalilan a warwatse suke. In rabin matan unguwarmu ra'ayinsu ɗaya da nata, babu abin da zai cinye wani. Na koma na duba mutum 40 ɗina: kusan duka ɗalibai ne, mafi yawa maza. Murnar safe ta tafi.

Tuwon masara miyar kuka. Auta ya sake ɗaukar mini caja. An ɗauke wuta wajen goma.

Inna ta ce ranar Asabar in bi ta Islamiyya, ta nema mini izinin tambayar mata bayan an tashi. Zan cire katin kabu-kabu daga farko, in fara da tambayar mene ne ba sa hawa ko kaɗan, da kuma wa suke jira.