Ashe duk 'yan gida ɗaya ne a kan kantata

Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da kayan kwalliya a wani ɗan shago a bakin titin unguwarmu a Kano. Shagon bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Idan kin shigo, kantar man shafawa tana hannun dama, kayan gashi suna hagu, cikin gilashi kuma jambaki ne da hoda da gazal. Can ƙurya akwai labule, a bayansa nake haɗa nawa na gida: man kitso, humra, da dilkar amare.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce ne muka zauna ƙirgen kaya ni da ɗan yayana, wanda yake karatun haɗa sinadarai a jami'a, shi ne kuma mai riƙe mini littafin lissafi idan suna hutu. Ina ta mita cewa Garnier ya danne CeraVe a ciniki, har na ce masa ya raba mini su a kan kanta, tun da kishiyoyi ne. Sai ya yi dariya, ya ɗauko Garnier, ya ɗauko CeraVe, ya ciro jambakin Maybelline daga gilashi, ya haɗa da kwalin rilaksar Dark and Lovely mai miƙar da gashi, ya jera su a gabana.

Ya ce, "Gwaggo, waɗannan ai ba kishiyoyi ba ne. 'Yan uba ne. Ko wanne kika sayar, aljihu ɗaya kuɗin yake komawa."

Na ce, "Kai dai ka faye surutu, ɗan nan."

Ya buɗe waya ya nuna mini. Duka huɗun mallakar kamfani ɗaya ne na ƙasar Faransa, L'Oréal, wanda babu kamarsa a girma a harkar kayan kwalliya a duniya. A 2023 kaɗai cinikinsa ya haura yuro biliyan 41. Ban ma yi yunƙurin juya shi zuwa naira ba, don kada kaina ya yi ciwo. Ranar ba mu gama ƙirge ba. Ya yi ta karanto mini tarihin kamfanin yana fassarawa, ni kuma ina goge kwalabe ina saurare.

Wanda ya kafa shi sunansa Eugène Schueller, haifaffen Paris a 1881, ɗan masu gasa burodi da kek. Kimiyyar sinadarai ya karanta. A zamaninsa matan birnin suna son rina gashi don ɓoye furfura, amma rinin da ake da shi yana ƙona fatar kai, wani ma har da dalma a ciki. A 1907 ya haɗa nasa rinin. A cikin ɗan gidan da yake zaune yake dafa kayan da dare, gari na wayewa ya ɗauki kwalabe ya bi shagunan masu gyaran gashi yana talla. A 1909 ya yi wa kamfanin rajista da wani dogon suna mai ma'anar kamfanin Faransa na rinin gashi marar cutarwa. Sai a 1939 aka mayar da sunan kamfanin L'Oréal.

Nan ne na ajiye tsumma na zauna. Mutumin nan bai bi matan da za su yi rinin ba, masu yi musu ya bi. Ya buɗe makarantar koyar da rini, yana kuma rubutu a mujallar masu gyaran gashi yana bayanin yadda ake amfani da kayan. Duk wanda ya taɓa sayar da man gashi ya san dalili. Mace za ta yi gardama da mai shago, za ta yi da mijinta, amma idan ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyin mai kitso aka ce mata "gashin nan naki yana karyewa, ki nemi mai kaza", an gama magana. Gobe za ta zo tana tambayarsa da sunansa.

Ni ban san da wani Bature ba lokacin da na faro haka. Tilas ce ta koya mini. Da na fara haɗa man kitso, wata uku yana zaune a kan kanta ba wanda ya taya. Sai na zuba a ƙananan robobi na kai wa masu kitso shida na unguwa kyauta, na ce su gwada a kan mutane. Biyu ba su sake waiwayata ba. Ɗaya ta dawo ta ce, "Hajiya, man yana da kyau amma warin kaɗen ya yi yawa, kuma yana da ƙulalai." Gaskiya ta faɗa. Ina narka man kaɗen kai tsaye a kan wuta, sannan in bar shi ya huce da kansa, shi ya sa yake yin tsaki-tsaki kamar an zuba gari. Yanzu a cikin kwano nake sa shi, in ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, in tace da farin ƙyalle sau biyu, in zuba man kwakwa, in sanyaya shi da sauri, sannan in buga shi da maburgi har ya yi fari ya yi laushi. Turare sai ya huce nake sawa, in ba haka ba zafi ya cinye ƙamshin. Waccan mai kitson har yau ita ce babbar dilata, dozin-dozin take ɗauka, ta biya bayan ta sayar.

Schueller bai tsaya a rini ba. A 1928 ya sayi kamfanin sabulun Monsavon. A 1934 ya fito da shamfu mai suna Dop, mai araha, a lokacin da wanke kai akai-akai bai zama al'adar talakan Faransa ba, ya kuma cika rediyo da tallarsa. A 1935 ya fitar da Ambre Solaire, man da ake shafawa idan za a kwanta a rana. Shekara na zagayowa gwamnati ta ba ma'aikata hutun shekara mai albashi, jama'a suka yi tururuwa zuwa bakin teku, man ya samu kasuwa. Da ɗan yayana ya kawo nan sai da na yi dariya har da hawaye. Can suna biyan kuɗi rana ta gasa su fatarsu ta yi duhu, nan kuwa kullum sai an shigo mini an rage murya an ce, "Anti, akwai wanda yake ɗan haskawa?" Ba na sayar da man bilicin. Na ga abin da yake yi wa gwiwar yatsu da kumatu, kuma na san ina asarar ciniki a kan haka.

Akwai wani ɓangare na tarihin mutumin da bai yi mini daɗi ba. A shekarun 1930 ya ba da kuɗi ga wata ƙungiyar ɓoye ta masu tsattsauran ra'ayi da ake kira La Cagoule, wadda ta yi kashe-kashe, kuma lokacin da Jamus ta mamaye Faransa ya yi tafiya da masu goyon bayan 'yan Nazi. Bayan yaƙi an bincike shi, ba a ɗaure shi ba, wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar ma sun samu aiki a kamfanin. Iya sana'a daban, hali daban. Ban sauke kayan daga kanta ba, amma na daina jin zan yi masa kirari.

Ya rasu a 1957, dukiyar ta koma hannun 'yarsa tilo, Liliane Bettencourt, wadda tun tana shekara 15 ya sa ta aikin liƙa takarda a jikin kwalabe. Wannan kam ya burge ni, har na harari ɗiyata da ba ta son zaman shago. Sai dai ba 'yar ce ta hau kujerar shugabanci ba. An ba wani ma'aikacin kamfanin ne, François Dalle, iyali suka riƙe hannun jari suka bar wanda ya iya ya tafiyar. Mu a nan, shago nawa ne ya mutu ranar rabon gado?

Daga nan aka shiga saye-saye. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1963, ya sayi Lancôme a 1964, Garnier a 1965. A 1974 Nestlé na ƙasar Suwizalan, masu Maggi da Milo, suka shigo cikin mallakarsa, har yanzu suna riƙe da wajen kashi 20 cikin ɗari, iyalin Bettencourt kuma sama da kashi ɗaya cikin uku. Zamanin Lindsay Owen-Jones, ɗan Birtaniya da ya karɓi ragama a 1988, aka ƙetara Amurka da ƙarfi, aka sayi Maybelline a 1996. Sannan aka juyo kan gashin baƙar fata: Soft Sheen na birnin Chicago a 1998, Carson masu Dark and Lovely a 2000, aka haɗe su suka zama SoftSheen-Carson. A 2013 suka sayi Nice & Lovely na Kenya. CeraVe kuwa, da 'yan mata suke zuwa nema da hotonsa a waya, sai 2017 ya shigo gidan. Ba kowane ciniki ne ya karɓe su ba: sun sayi The Body Shop a 2006, suka sayar wa Natura na Brazil a 2017.

Na tambayi yaron me ya sa idan sun saya ba sa goge sunan su rubuta nasu. Kafin ya amsa na tuna abin da ya same ni shekara huɗu baya. Farar robar da nake zuba man kitso ta yanke a kasuwa, sai na sayo koriya, girma ɗaya, har ta fi kyau. Mai ɗaya, hannu ɗaya, tukunya ɗaya. Wata tsohuwar kwastomata ta ɗauka ta juya ta, ta buɗe ta sunsuna, ta ajiye. Ta ce, "'Yata, ba shi ba ne. Ki ba ni mai farar roba." Na rantse har na gaji. Sati uku ciniki ya tsaya cak, sai da na je Sabon Gari na zagaye layi-layi na samo farar, na juye man a ciki, ya ƙare cikin kwanaki. Abin da suke biyan biliyoyi su saya ke nan, wannan sabon da ido da hanci suka yi. Injina da ma'aikata kam, suna da su tun da. Matar da ta girma tana ganin kwalin Dark and Lovely a kan madubin mahaifiyarta, kwalin take nema, ba ruwanta da wanda yake zaune a babban ofishin kamfanin a Clichy, gefen Paris.

Wannan sabon ne kuma 'yan jabu suke ci da shi. Sau ɗaya na faɗa hannunsu. Wani dila da ban saba da shi ba ya kawo mini katan biyu na wani man shafawa na waje a farashin da ya kamata ya sa in yi tunani, kwaɗayin riba ya rufe mini ido. Kwali ya yi kyau, rubutu ya fita. Sai da mata biyu suka dawo da ƙuraje a wuya na matse ɗaya a tafin hannu, na ga ya tsinke kamar koko, ƙamshin kuma na sabulun wanki ne. Na biya su kuɗinsu, na ba da haƙuri, na zubar da sauran. Lambar dilan ta daina shiga. Tun daga ranar nake duba lambar NAFDAC, da lambar rukunin da aka buga a gindin kwalba, in gwada ta da ta jikin kwali, in duba hatimin murfi. Wajen mutum biyu kawai nake sari.

Abin da L'Oréal ya fi mu da shi, bayan kuɗi, shi ne ɗakin gwaji. Masana sinadarai uku kamfanin yake da su a 1920, suka kai 100 a 1950, dubu a 1984. A 2003 sun buɗe cibiya a Chicago don nazarin gashi da fatar baƙaƙe, a 2016 suka buɗe wata a Johannesburg. Ni ɗakin gwajina kan masu kitso shida ne da hancina. Duk da wannan bincike, rilaksa tana cikin rigima: a 2022 wani nazari na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ya nuna alaƙa tsakanin yawan amfani da magungunan miƙar da gashi da kansar mahaifa, dubban mata suka shigar da ƙarar kamfanoni da dama, har da L'Oréal, wanda ya musanta zargin ya ce kayansa ba sa cutarwa. A shagona dai rilaksa ta ja baya tun kafin wannan. 'Yan matan yanzu sun fi son su bar gashinsu yadda Allah ya halicce shi, man da zai tausasa shi suke nema.

Tun da naira ta faɗi a 2023, kayan waje suka zama na masu haɗa lefe. Wadda a da take ɗaukar babbar kwalba yanzu sai ta tambayi farashi, ta yi shiru, ta ce a ba ta nawa na farar roba. Na ɗauko wani man na waje na ba yaron ya karanta mini abin da ke ciki, a tsakiyar dogayen sunaye ya nuna mini wani ya ce wannan man kaɗe ne da yaren masana. Ya ce L'Oréal ma daga hannun matan Burkina Faso yake sayen nasa. Ni nawa daga jihar Neja ake kawo mini, a cikin bokiti.

Yanzu takardun rajistar man kitson ne a gabanmu. Yaron ya ce dole in daina awo da ludayi, ya sa na sayi ƙaramin sikeli, kowane haɗi sai an rubuta nauyi da kwanan wata a littafi. Ya kuma zana mini sabuwar takardar liƙawa a kwamfuta, mai ruwan zinariya, ya ce a sake roba mai murfin famfo irin ta Turawa. Takardar na karɓa. Muna cikin gardamar robar sai ga mai kitson nan ta leƙo, goyo a baya, ta ce, "Hajiya, dozin biyu, akwai biki ranar Asabar." Na ce masa ya tashi ya ƙirgo mata daga bayan labule, masu farar roba.